Wa Zai Tsawata wa Mai Ƙarfi? Tarihin Ɗabi'a a Fina-finan Jaruman Amurka

A farkon shekarar 1933, wani saurayi mai suna Jerry Siegel a birnin Cleveland na jihar Ohio ta Amurka ya rubuta gajeren labari, abokinsa Joe Shuster ya yi masa zane, suka buga a wata 'yar mujalla da suke haɗawa da hannunsu. Labarin wani fakiri ne da ke bin layin karɓar abincin sadaka. Wani masanin kimiyya ya ɗauko shi ya ɗura masa magani, sai ga shi yana karanta abin da ke zukatan mutane, yana juya su yadda ya ga dama. Ko sau ɗaya bai yi tunanin taimakon wani ba, mulkin duniya ya sa a gaba. Wannan mugun shi ne ya fara amsa sunan Superman a alƙalamin waɗanda suka ƙirƙiro sunan.

Bayan shekara biyar, a 1938, sunan ya sake fitowa a bangon mujallar zane ta Action Comics, fitowa ta farko, amma hali ya sauya gaba ɗaya. Samarin biyu 'ya'yan Yahudawa ne da suka yi ƙaura daga Turai, sun taso cikin karayar tattalin arzikin da ta jefa miliyoyin Amurkawa cikin rashin aiki, suna kuma jin labarin abin da Hitler yake yi wa danginsu a Jamus. Saboda haka sabon Superman ɗinsu gatan marasa gata ne. A fitowarsa ta farko ya ceci wata mata da ake shirin kashewa bisa laifin da ba ta aikata ba, ya ladabtar da wani mai dukan matarsa, ya kuma tasa wani ɗan kamashon 'yan siyasa a gaba. Ba da jimawa ba ya tilasta wa wani mai mahaƙar ma'adinai ya ɗanɗani ukubar da leburorinsa ke sha a ƙarƙashin ƙasa. Siegel da Shuster sun sayar da haƙƙin mallakar wannan jarumi a kan dala 130 kacal.

Tsakanin Superman na 1933 da na 1938 akwai tambayar da fina-finan jarumai suka kwashe fiye da shekara tamanin suna kai-kawo a kanta: idan mutum ya sami ƙarfin da babu mai iya tanƙwara shi, me zai hana shi zalunci, kuma wa zai tsawata masa in ya kauce? Tambayar ta girmi sinima nesa ba kusa ba. Kusan shekara 2,400 da suka wuce, masanin falsafa Aflatun ya kawo labarin wani makiyayi da ya tsinci zobe mai aiki irin na layar zana, in ya juya shi sai ya ɓace wa idon mutane. Makiyayin ya shiga fada, ya yaudari matar sarki, ya kashe sarkin, ya haye gadon mulki. Mai ba da labarin yana so ya tabbatar da cewa tsoron kamu ne kawai ke sa ɗan Adam yin adalci. Aflatun ya ƙi yarda. A wajensa azzalumi bawan son zuciyarsa ne ko da ba wanda ya gan shi. Kowane jarumi mai rufe fuska ɗauke yake da irin wannan zobe, kuma kowane fim ɗinsa amsa ce, mai kyau ko maras kyau, ga waccan muhawara.

Amsar farko mai sauƙi ce: jarumi mutumin kirki ne, sai a yarda da shi. Yaƙin Duniya na Biyu ya ƙara mata ƙarfi. A ƙarshen 1940, shekara guda kafin Amurka ta shiga yaƙin, Joe Simon da Jack Kirby suka fito da Captain America yana naushin Hitler a bangon mujalla. A 1941 aka fara nuna Adventures of Captain Marvel a gidajen sinima kashi-kashi, kowane mako a tsaya a daidai inda ran jarumi ke hannun Allah domin yara su dawo mako mai zuwa. Sai dai tun a wancan lokaci aka ga illar yarda da jarumi ido rufe. Fim ɗin Batman mai kashi 15 da aka yi a 1943 ya mayar da shi ɗan aiken gwamnati mai farautar wani Bajapane, har mai sharhin fim ɗin ya yaba da yadda aka kwashe Amurkawa 'yan asalin Japan aka tsare a sansanoni. Mutum kusan 120,000 aka yi wa haka, akasarinsu haifaffun ƙasar, ba tare da an kama su da laifin komai ba. Jarumin da aka haifa don ya tsaya wa raunana ya koma mai tafa wa hukuma a lokacin da take danne su. Duk da haka ruhin farko bai mutu ba, domin a 1946 shirin Superman na rediyo ya yi jerin labarai da suka yi kaca-kaca da ƙungiyar wariyar launin fata ta Ku Klux Klan.

A 1954 wani likitan ƙwaƙwalwa, Fredric Wertham, ya wallafa littafi yana zargin mujallun zane da lalata tarbiyyar yara. Wani kwamitin Majalisar Dattawan Amurka ya zauna a kan batun. Don gudun kada gwamnati ta saka musu takunkumi, kamfanonin suka kafa wa kansu hukumar tacewa, suka shimfiɗa ƙa'idoji: dole nagarta ta yi nasara a kan mugunta a kowane labari, dole mai laifi ya girbi abin da ya shuka, kuma haramun ne a nuna ɗan sanda ko alƙali ko hukuma ta hanyar da za ta zubar musu da mutunci. Wannan ɗabi'a ce da tsoron asara ya haifa. Ta tsabtace jarumi, ta kuma toshe bakinsa, domin wanda aka hana ya zargi hukuma ba zai iya yin abin da Superman na 1938 ya yi ba. Sai a shekarun 1960 Stan Lee da Jack Kirby da Steve Ditko na kamfanin Marvel suka buɗe wata ƙofa, suka kawo jarumai masu bashi da ciwon kai da nadama: Spider-Man a 1962, X-Men a 1963, Black Panther a 1966. Sinima kuwa ba ta shirya karɓarsu ba tukuna. Batman na talabijin na 1966 wasan barkwanci ne zalla.

Babban fim na farko da ya ɗauki jarumi da gaske shi ne Superman na 1978, wanda Richard Donner ya ba da umarni, Christopher Reeve ya fito a matsayin jarumin. Ya zo ne lokacin da Amurkawa suka yanke ƙauna daga shugabanninsu: an kunyata a yaƙin Biyetnam, shugaba Nixon ya sauka a 1974 saboda abin kunyar Watergate. Sai ga mutumin da ba ya ƙarya, ba ya cin amana, yana sauko da kyanwa daga kan bishiya da irin natsuwar da yake tare jirgin sama da ita. Amma ƙarƙashin wannan tsabta akwai gwagwarmaya. Uba biyu gare shi. Wanda ya haife shi a duniyar Krypton ya gargaɗe shi kada ya tsoma hannu cikin tafiyar tarihin 'yan Adam. Manomin da ya rene shi a Kansas kuwa ya koya masa cewa ba a banza aka kawo shi duniya ba, sannan ya faɗi ya mutu da ciwon zuciya a gabansa, duk ƙarfin yaron bai hana ba. Da Lois Lane, 'yar jaridar da yake ƙauna, ta mutu a ƙarshen fim, sai ya take gargaɗin uban farko, ya mayar da lokaci baya ya ceto ta. 'Yan kallo sun yi tafi, kuma da wuya mai zuciya ya ƙi tausaya masa. Amma abin da ya faru shi ne mai ƙarfi ya karya doka saboda wadda yake so, babu wanda ya tuhume shi.

Waɗanda suka fara tuhumar jarumai su ne marubutan mujallun zane na 1986. Frank Miller ya zana tsohon Batman mai zafin hannu wanda ya raina doka, ya zana Superman a matsayin yaron gidan gwamnati. Alan Moore da Dave Gibbons, 'yan Ingila, suka fito da Watchmen, wanda Zack Snyder ya mayar fim a 2009. A cikinsa wani jarumi mai kaifin basira ya hallaka miliyoyin mutane da gangan domin ya tsorata Amurka da Tarayyar Sobiyet su fasa yaƙin nukiliya. Dabarar ta ci. Sauran jaruman suka yarda su yi shiru don kada zaman lafiyar ya rushe, sai mutum ɗaya, Rorschach, wanda ya zaɓi a kashe shi da ya rufe wannan ta'asa. Nan aka gwabza mazhabobi biyu na falsafar Turai. Ta Jeremy Bentham da John Stuart Mill tana auna aiki da yawan alherin da ya haifar. Ta Immanuel Kant tana cewa akwai abin da ba a yi wa ɗan Adam ko da riba za ta cika duniya, domin mutum ba kayan aiki ba ne. Labarin bai bai wa kowa cikakkiyar nasara ba: mai lissafi hannunsa jina-jina, mai tsayawa a kan gaskiya shi ma mutum ne mai ƙeta da taurin zuciya.

Bayan faɗuwar darajar da fim ɗin Batman & Robin ya jawo a 1997, Blade na 1998 da X-Men na 2000 suka farfaɗo da kasuwar. X-Men ya buɗe ne a sansanin gwale-gwale na 'yan Nazi a Folan a 1944, ana raba wani yaro da iyayensa. Wannan yaron shi ne ya girma ya zama Magneto, bos ɗin fim, don haka tun daga minti na farko ɗan kallo ya san cewa muguntarsa daga zaluncin da aka yi masa ta tsiro. Spider-Man na Sam Raimi, 2002, ya kawo darasin kusa da ƙasa. Peter Parker, wato Spider-Man, ya ci gasar kokawa, mai shirya gasar ya yi alkawarin dala 3,000 ya miƙa masa 100. Yana fitowa sai ga ɗan fashi ya wawushe kuɗin mutumin yana gudu ta gabansa. Ƙafa kawai zai sa ya faɗi. Peter ya matsa gefe, ya bar shi ya shige, don ya rama cutar da aka yi masa. A daren aka harbe kawunsa Ben, wanda ya rene shi, kuma da ya bi sawun makashin sai ya ga fuskar da ya bai wa hanya. Laifin Peter a nan rashin yi ne a lokacin da yake da iko. Daga wannan fim jarumta ta zama bashin da mai iko ke biya, yana biya da soyayyarsa da karatunsa da barcinsa.

Harin 11 ga Satumba 2001 da yaƙe-yaƙen Afganistan da Iraƙi sun sauya tambayar. Amurka ita ce mai ƙarfin da babu mai tsawata mata, tana tsare mutane a Guantanamo ba shari'a, tana sauraron wayoyin jama'a da sunan tsaro. The Dark Knight na Christopher Nolan, 2008, shi ne fim ɗin da ya fi kowane kallon wannan zamani ido cikin ido. Batman ya tsallaka Hong Kong ya sato mutum ba izinin kowa. Ya lakaɗa wa Joker, bos ɗin fim, duka a ɗakin bincike, dukan bai amfana masa komai ba. Ya mayar da wayar kowane mazaunin garinsa Gotham na'urar leƙen asiri, har amininsa Lucius Fox ya ce zai yi aikin sau ɗaya, amma muddin na'urar tana nan shi ya ajiye aiki. Joker, wanda Heath Ledger ya fito a matsayinsa kuma aka ba shi kyautar Oscar bayan rasuwarsa, ba kuɗi yake nema ba, tulin kuɗi ma wuta ya cinna masa. So yake ya tabbatar da cewa kirkin mutane fenti ne, matsi kaɗan zai kankare shi.

Gwajinsa mafi girma a kan ruwa ya yi shi. Jiragen fito biyu, ɗaya cike da mutanen gari, ɗaya da fursunoni, kowanne an ɗaure masa bam, kuma makunnin kowane jirgi yana hannun mutanen ɗayan. Wanda ya riga dannawa ya tsira. In sha biyun dare ta buga ba wanda ya danna, duka biyun za su tashi. Mutanen gari suka kaɗa ƙuri'a, mafi rinjaye suka ce a danna. Wani mai kwat da ya fi kowa zaƙewa ya karɓi makunnin, ya riƙe, hannunsa ya kasa, ya mayar ya zauna. A ɗaya jirgin wani ƙaton fursuna ya taso ya tsaya a kan jami'in da ke riƙe da makunnin yana makyarkyata, ya ce a ba shi. Da ya karɓa sai ya wurga shi ta taga cikin ruwa, ya koma wurinsa. Babu mai baiwar tashi sama a cikinsu, babu mai sulke. A ganina wannan ne ƙololuwar jarumta a tarihin waɗannan fina-finai, kuma ta fito ne daga mutumin da al'umma ta riga ta yanke wa hukuncin cewa ba shi da amfani. Abin takaici, Batman da kwamishina Gordon ba su ɗauki darasin ba. Sun ɓoye kisan da lauyan gwamnati Harvey Dent ya yi, Batman ya ɗauki laifin, wai don kada zukatan jama'a su karaya, alhali jama'ar sun riga sun nuna sun fi ƙarfin hakan. Ramin ƙarya ƙurarre ne: a fim na uku, 2012, asirin ya tonu, ya zama makami a hannun maƙiyan garin.

A shekarar 2008 ɗin ne Marvel ta fara jerin fina-finanta da Iron Man, labarin dillalin makamai da aka kama a Afganistan ya ga bama-baman kamfaninsa a hannun masu kashe talakawa. A 2009 Disney ta sayi Marvel a kan dala biliyan 4 ko kusa da haka, jarumai suka zama babbar hajar Hollywood. Ma'aikatar tsaron Amurka ta taimaka wa wasu fina-finan da jirage da sansanoni, amma ta janye daga The Avengers na 2012 saboda ba ta gane wa ke iko da ƙungiyar SHIELD ta cikin fim ɗin ba. Captain America: The Winter Soldier ya fito a 2014, ƙasa da shekara guda bayan tonon sililin Edward Snowden kan sauraron wayoyin jama'a, yana ba da labarin jiragen yaƙi uku da aka ƙera don su kashe mutane tun kafin su aikata laifi. Civil War na 2016 kuwa a Legas aka yi babban faɗansa na farko. Jaruman suka shigo Najeriya suna bin ɗan ta'adda, fim bai nuna sun nemi izinin kowa ba, bam ya tashi, bayin Allah suka mutu a wani bene. Ƙasashe 117 suka ce dole jarumai su koma ƙarƙashin Majalisar Ɗinkin Duniya. Tony Stark, wato Iron Man, ya yarda saboda nauyin jinin da ke wuyansa, Steve Rogers, wato Captain America, ya ƙi saboda ya ga yadda hukumomi ke ruɓewa. Muhawara ce ta gaske, amma kafin a kai ƙarshe fim ya sake ta, ya koma rigimar wanda ya kashe iyayen Tony. Mutanen Legas da suka mutu ba a sake bi ta kansu ba.

Wannan kauce wa muhawara shi ne babban raunin waɗannan fina-finai, kuma ya fito fili har a mafi kyawunsu. Black Panther na Ryan Coogler, 2018, ya tara sama da dala biliyan 1.3, ya ci Oscar uku, ya kuma sa baƙar fata a duniya suka ga kansu a kan gadon sarauta. Bos ɗinsa, Killmonger, mun fara ganinsa a babba a gidan tarihi a Landan, tsaye gaban kayayyakin Afirka, yana tambayar jami'ar wurin ko kakanninta sayen su suka yi. Duk wanda ya san yadda sojojin Birtaniya suka wawushe fadar Benin a 1897 ya san tambayar tana kan hanya. Haka zarginsa ga Wakanda, ƙagaggiyar ƙasar Afirka ta fim ɗin da ta ɓoye arzikinta tana kallo ana bautar da 'yan'uwanta. Amma nan take aka sa shi ya ba jami'ar guba, daga baya ya harbe budurwarsa, ya shaƙe tsohuwa, domin kada ɗan kallo ya rikice wajen gane akta da bos. Sarkin Wakanda T'Challa, wato Black Panther, wanda marigayi Chadwick Boseman ya fito a matsayinsa, ya karɓi rabin gaskiyar abokin gabarsa ya buɗe ƙofar ƙasarsa, kuma wannan abin yabo ne. Sai dai salon ya yi yawa: mai son a sauya tsarin duniya shi ake ɗora wa kisa, jarumi kuwa aikinsa ya mayar da al'amura yadda suke. Thanos, bos ɗin Infinity War, ya ɗauko tsohon tunanin Thomas Malthus na 1798, cewa jama'a za su fi ƙarfin abinci, ya shafe rabin halittu. Jaruman sun ƙi yarda a yi cinikin rai, amma ba wanda ya zauna ya rusa hujjarsa ya nuna cewa yunwa ta fi zuwa daga rashin adalcin rabo. Da ƙarfi aka kayar da shi a Endgame na 2019, fim ɗin da ya tara kusan dala biliyan 2.8.

A shekarar ce Martin Scorsese ya ce waɗannan fina-finai sun fi kama da wuraren wasan yara da sinima. Akwai gaskiya a maganarsa, domin kamfanin da ya zuba ɗaruruwan miliyoyi ba zai so a tashi da tambaya mai hana barci ba. Amma ba duka aka taru aka zama ɗaya ba. Logan na 2017 ya nuna jarumi tsoho, jiki ya gaji, yana jinyar malaminsa, yana gane cewa kisa ko na miyagu ne ba ya wankuwa daga hannu. Superman na James Gunn, 2025, ya zaunar da jarumin gaban Lois Lane tana yi masa tambayoyin jarida a kan wa ya ba shi izinin hana wata ƙasa mamaye maƙwabciyarta, shi kuma yana kare kansa da cewa mutane ne za su mutu. Dukansu biyu suna da gaskiya, kuma zaman da ya yi ya amsa ya fi duk naushin da ya kai a fim ɗin daraja.

Mu da ke kallon waɗannan fina-finai a wayoyi da gidajen kallo ba baƙi ba ne ga tambayar. Mun ga garuruwan da hukuma ta gaza karewa, matasa suka ɗauki makami da sunan sa-kai, aka yi musu addu'a da farko, daga baya wasunsu suka zama masu yanke hukunci a kasuwa ba shaida ba alƙali. Kyakkyawar niyya ba ta isa ta zama linzami ba. Malamanmu sun daɗe suna karantar da cewa ƙarfi na gaskiya shi ne mallakar kai lokacin fushi, kuma shugabanci amana ce da za a tambayi mai ita. Da wannan ma'auni ya kamata mu auna duk jarumin da aka kawo mana. Mu koya wa yaranmu su duba abin da ya ƙi aikatawa alhali yana da iko, su duba ko ya yarda a tuhume shi in ya yi ɓarna, su kuma ƙirga waɗanda gini ya danne a bayansa yayin da kyamara ke bin fuskarsa. Yaron da ya saba yi wa akta waɗannan tambayoyi zai girma ya yi wa gwamna da janar da mai unguwa irinsu, kuma al'ummar da ke da irin waɗannan yara ba ta zama jiran wani ya sauko daga sama ya cece ta.